Hannun da Baba Ya Zaɓa Mini

Akwai wata ƙara da ƙwallon besbol ke yi idan ya faɗa tsakiyar safar fata: tas, kamar an tafa hannu a ɗakin da babu kaya. Duk Laraba da la'asar ina jin ta a wani ɗan fili a Bobigny, inda nake koya wa yara jifa, kuma da na ji ta sai hankalina ya koma Minguettes, can gefen Lyon, inda na tashi.

Na san za ka ce, mai karatu, ina ɗan Damagaram ina besbol? Ni ma ban san yadda wasan ya ɓato hanya ya iso unguwarmu ba. Kowa ƙwallon ƙafa yake bugawa a tsakanin dogayen benayen nan. Wani tsoho Bafaranshe, wanda muke kira mushe, wato malam a yarensu, shi ya tattara mu da ƙafarmu ba ta tsinana komai, ya nuna mana farin ƙwallo mai jan ɗinki. Wani ya jefa, wani ya buge da sanda, wani ya tsuguna ya cafe. Amma mai jifa kowa ke kallo.

Ran farko mushe ya ajiye ƙwallon a kan ciyawa, ya ce kowa ya ɗauka ya jefi wayar da ta kewaye filin. Ni bahago ne. A gida an daɗe da raba ni da hagu wajen cin tuwo da karɓar abu, sai dai ba wanda ya tuna da jifa. Na ɗauka da hagu na sake. Tsohon nan ya yi murna kamar an yi masa haihuwa. Ya ce bahago mai jifa abin nema ne, don masu bugu ba su saba da ƙwallonsa ba. Ya ara mini wata tsohuwar safa ta hannun dama mai warin mai da gumi.

Ba shi da gaggawa. Yatsu uku a kan ɗinki, tunda hannunmu ƙanana ne, babban yatsa a ƙasa, kuma kada a matse. Ka tsaya a karkace, ka ɗaga gwiwa, ka daure a kan ƙafa ɗaya kamar zalɓe a bakin tafki. Sai ka taka zuwa inda kake son ƙwallon ya je, hannu ya biyo baya. Kafin ganye ya gama zuba daga itatuwa ina jefawa inda na ga dama, har ya ce in sanyi ya wuce aka fara gasa, ni zan riƙe jifa.

Baba ya fi ni murna. Ma'aikacin ɗakin bincike ne, ba mai yawan magana ba. Wata Lahadi ya sauko ƙasan bene da jallabiya da rigar sanyi a sama, ya tsuguna ya ce in nuna masa. Na ɗaga gwiwa na sake. Ƙwallon ya shiga hannunsa sak. Ya miƙe a hankali.

"Da hagu za ka miƙa wa ubanka abu?"

"Baba, ai jifa ne, ba miƙawa ba."

"Abin da ya bar hannunka ya zo nawa, miƙawa ne. Kuma wancan dattijon haka kake yi masa? Sai ya ce ba a koya maka ladabi ba a gida."

Bai yi faɗa ba. Washegari ya shigo da sabuwar safa, mai kyau ƙwarai, ta hannun hagu, don dama ta zauna sake ta yi jifa. Inna ce ta gaya mini daga baya cewa shi ma bahago aka haife shi, tsohuwarsa ta riƙa ɗaure masa hannun da zane har ya bari. A wurinsa gata aka yi masa, gatan yake so ya yi mini.

Mushe ya hau har gidanmu ya yi bayani. Baba ya ba shi shayi, ya saurare shi da kyau, ya raka shi bakin asansar, na'urar hawa da sauka bene, yana godiya, ba abin da ya sake. Mushe ya ce mini yau hagu gobe dama zai ɓata hannun duka biyu, gara in zaɓi ɗaya. Wane zaɓi gare ni, Baba yana tsaye bakin waya duk ranar da muke atisaye?

Duk sanyin shekarar nan ya kwashe yana koya mini jifa da dama, a wurin ajiye motoci na ƙasan bene, numfashinmu yana hayaƙi. Ya haddace duk abin da mushe ke faɗa. "Gwiwa, ɗana. Taka tukuna. Yawwa." In ƙwallon ya kauce shi zai bi shi ƙarƙashin mota, ya dawo yana kakkaɓe jallabiya yana dariya. Ban taɓa samun Baba kamar yadda na same shi a wannan sanyin ba, kuma shi ne abin da ya fi ci mini rai.

Da ciyawa ta yi kore aka fara gasa. Hannun dama ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma ƙwallo ya je gabas, ya je yamma, har mai cafewa ya gaji da tashi. Aka ba wani yaro jifa, ni aka tura ni can ƙarshen fili, inda sai ka wuni ƙwallo bai gaishe ka ba. Baba bai fasa zuwa ba, yana tafa mini a can ɗin ma.

Yanzu ya tsufa. Bana da ya zo mana daga Lyon ya bi ni fili, ya zauna a benci da sandarsa. 'Yata tana cikin yaran, kuma bahaguwa ce. Ta ruga ta tsaya gabansa, ta ɗaga gwiwa, ta jefa masa da hagu. Ya cafe, ya juya ƙwallon a hannunsa, ya ce, "Kai, wannan amarya tawa da ƙarfin hannu take." Can ya dube ni. "Kai ma haka kake jefawa a da, ko?" Na ce haka ne, Baba. Ya miƙa mata ƙwallon.

Zamani ya sake. A cikin mutanenmu na nan ban ƙara jin wanda ya hana yaro jifa da hagu ba, kuma har yau 'yata da dama take cin abinci, da dama take gaida kakanta, ba abin da ya ragu. Ashe ana iya riƙe duka biyun, mu ne ba mu sani ba. Da yara suka watse na ɗauki ƙwallo da hagu, na tsaya a karkace, na taka, na sake. A gaban ƙafata ya faɗi, hannun bai ma tuna ya taɓa iyawa ba.