Yadda Muka Hana Yuguda Kwanciya

Yuguda ɗan kawuna ne, taubashina, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa ba wanda zai kai ni ƙara. A Dagona, wani ƙauyen masunta, aka haife shi, kuma tun bai iya ɗaura wando ba yake kwana a kwalekwale. Da dare su, da hantsi barci, haka ya yi har furfura ta fito masa.

Sai kachalla ta cinye ruwan, doguwar ciyawar nan da ba ta bar wa kwalekwale hanya. Wajen shekarar da soja suka sauka daga mulki ya tattaro iyalinsa ya dawo Gashuwa. Alhaji Babakura, wani ɗan kasuwar Nguru mai lodin kifi zuwa Kudu, ya ba shi tsaron banda. Aikin rana ne, kuma aikin ido: ka ɗan gyangyaɗa, wuta ta tashi, kifi ya zama gawayi. Yuguda yana son aikin nan, don shi kaɗai ya rage masa mai ƙarnin kogi.

To amma jikin da ya saba da su bai san an yi ƙaura ba. Dare ya yi, idonsa garau kamar na mujiya. Ya sayi ƙwayar barci a kemis, daga ɗaya ya koma biyu, ya riƙa wuni yana layi kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Sau biyu yana ƙona kifi. Alhaji ya ce, "Malam Yuguda, ina jin nauyinka, amma in aka yi na uku sai dai ka yi haƙuri."

Matarsa Zulaihat mutuniyar kirki ce, kirkin nata ne ma ya kusa ƙarasa shi. Duk inda ya zauna sai ta shimfiɗa masa tabarma, ta kori yara da kaji. Ana sallame isha'i ya kwanta yana kallon azara. Bayan azahar ƙailula, bayan la'asar ƙari. Ga goro a kumatu, wai yana rage tunani.

Ni na ja shi asibitin Nguru, wurin wata nas, Malama Hadijatu, da na ji an ce da baki take magani. Da ya ga ɗakin sai ya turje.

"Ke Munira, wannan ba ɗakin masu taɓin hankali ba ne?"

"Wanda ya mayar da kifin Alhaji gawayi har sau biyu, da me ya fi su? Shiga, bawana."

Ta bar shi ya yi ta zuba, har labarin giwan ruwan da ya kama tun yana saurayi, wanda kullum yake ƙara tsawo. Can ta tambaye shi, "Baba, in ka kwanta me kake tunani?"

Ya ce, "Cewa nake in ban yi barci ba, gobe zan ƙona kifi."

"Wannan tsoron ne yake korar barcin. Kai masunci ne, Baba. Mai facal-facal a ruwa yana kama wani abu?"

Ta ce kada ya hau gado sai ido ya yi nauyi. In ya kwanta barci ya ƙi, ya tashi ya yi ɗinkin komar kamun kifi har barcin ya zo da kansa. Ba goro bayan azahar, ba barcin rana. Ƙwayar a riƙa rage ta sannu a hankali, kuma ya dinga dawowa su yi magana.

Da muka fito ya ce, "Ko allura babu? Wannan ai hira muka zo." Ni ma haka na ce a raina, amma ina, ba zan bari ya ji ba.

Sai na tare a wurin banda da kujerata. Da ya fara langaɓewa na watsa masa ruwan buta.

"Ƙailula fa sunna ce, kafirar tsohuwa!"

"Amanar Alhaji kuma farilla. Juya kifinka."

Makon farko abin ya ƙara lalacewa. Idonsa ya yi ja, Zulaihat ta daina amsa gaisuwata. Amma duk sanda ya dawo daga Nguru sai na ga ya ɗan sake, har ya fara faɗa mini yadda yake kewar ruwa, mutumin da ko ciwon haƙori ba ya faɗa.

Wata safiya da damina sai ga Zulaihat ba takalmi, wai Malam ya ƙi motsi, har an fito daga masallaci. Na ruga gidansu. Tun daga zaure na jiyo minshari kamar injin niƙa. Na ce, "Gawar da ke wannan ƙara ba ta bukatar likkafani."

Kifi bai sake ƙonewa a hannunsa ba. Ya riƙe bandar Alhaji har gwiwoyinsa suka gaza, ya miƙa wa ɗansa Kalli. Bai taɓa gode mini ba. Har ya koma ga Allah cewa yake ni na jawo masa rasa jam'in asuba.