Bangon da Na Rufe wa Baki

Har yau in na ji warin makuba, sai in gan ni a tsakar gidanmu na Birni, a Damagaram, ƙafafuna kaca-kaca da laka. Ga waɗanda suka tashi a gidan bulo, makuba ɓawon ɗorawa ne da ake dakawa a jiƙa, a kwaɓa da jar ƙasa, a shafe bango da ita don kada ruwan sama ya ci shi. Ba zan yi mata ƙarya ba, ba ta da ƙanshi. Amma ni ban san warin da ke sa ni kewar gida kamarsa ba.

Gidan na Kaka Fanna ne, mahaifiyar babanmu. Kakanmu ya rasu tun ba a haife ni ba, ya bar mata soro da zaure da dogon bango mai zane a fuskarsa. Kowace shekara, in an gama kaka sanyi ya shigo, tun tabkuna ba su ƙafe ba, don kowa ya san ruwa a garinmu ba abin wasa ba ne, sai Kaka ta fita ta zaga bangon. Tana ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, tana kara kunne, kamar mai sayen tukunya a kasuwa. In ta gama sai ta sami masu tafiya ta ba su saƙo, kullum kalma ɗaya: "Ku ce musu bango ya yi kira."

Kuma kowa sai ya zo. Baffa Ari, wan babanmu, ya taso daga Damagaram Takaya da buhunan ɓawon ɗorawa. Gwaggo Hajara ta zo daga Mirya da 'ya'yanta reras. Babanmu ya nemi hutu a biro, wato ofishin da yake aiki. Sati guda ake yi, ana tattaka ƙasa da ciyawa, a bar ta ta tsima, maza su hau tsani su toshe tsaga, su gyara bakin indararo, sannan a bi da makuba. Ana aiki ana faɗa, ana faɗa ana cin tuwo a kwano ɗaya. Wuri guda ne Kaka ba ta bar wa kowa, gefen ƙofar zaure, daga ƙasa zuwa iya tsayinta. Wannan da hannunta take yaɓe shi. Yatsanta na tsakiya a lanƙwashe yake tun ƙuruciya, saboda haka ko daga nesa ana gane sawunta, layi uku a miƙe, ɗaya a karkace.

Bayan sallar isha'i, in an sauke tukunya, mu jikoki sai mu kewaye sauran wutar murhu, manya kuma suna baya suna matsa ƙugu kamar ba sa ji. Kaka ta miƙe ƙafa, ta shafa man shanu a tafin hannunta da makuba ta farfasa, ta ce, "Ga ta nan ta iso ƙofa, wa zai yi mata shimfiɗa?" Mu ce ta shigo ta zauna mu ji ta. Tana da tatsuniyoyi kamar ƙasa, amma a daren farko na yaɓe guda ɗaya take yi, ba ta canzawa. Wata shekara na gaji na ce mata wannan ai mun ji ta bara. Ta harare ni ta ce, "Bara ma ka ci tuwona, mai gida. Yau ka ƙi shi?" Haka take kirana, mai gida, wai ni ne mijinta, mijin da ko goro bai taɓa kawowa ba.

Ga yadda take. A zamanin da bango ke magana, akwai wani mutum mai wayo. Kowace shekara bangonsa sai ya dame shi: haƙarƙarina ya tsage, ƙafata ta jiƙe, kaina ya zube. Dole ya aika wa 'yan'uwansa, su zo su yi yaɓe, su cinye masa gero, su cika masa kunne da surutu. Ranar nan ya ga kunkuru yana wucewa, ya ce to, ga mai gidan da ba a taɓa yi wa yaɓe ba. Ya roƙe shi ya ɗinka wa bangonsa riga irin tasa. A nan Kaka takan shaƙe murya ta yi maganar kunkuru: "Zan ɗinka maka. Amma ka taɓa ganin baƙo a nawa gidan?" Mai wayo bai tsaya jin zancen ba, ya karɓi riga ya sa wa bango.

Bango ya yi shiru. Shekara ta zo ta wuce ba tsaga, ba gayya, gero ya zauna lafiya a rumbu. 'Yan'uwa ba su ga abin da zai kawo su ba, hanya ta yi ciyawa. Ashe danshi yana hawowa daga ƙasa, bango yana ta kira a cikin riga ba mai ji. Sai wata rana akuya ta zo ta sosa jikinta, rigar ta faɗi rim, ciki ba komai sai gari. Mutumin ya ruga garin 'yan'uwansa neman taimako, yara suka tare shi a ƙofa suka ce, Baba, wa kake nema? Ƙurunƙus, in ji Kaka, tatsuniya ta naɗe tabarmarta ta koma inda ta fito.

Mu dai akuyar ce ke ba mu dariya. Washegari mu yi ta goga baya a bango muna kukan akuya har Baffa Ari ya kore mu da tsumagiya. In ka tambaye ni a lokacin abin da tatsuniyar ke koyarwa, cewa zan yi a riƙa ɗaure awaki.

Na girma, na gama lakwal, makarantar boko ke nan, na sami aiki a Yamai. Wata shekara na zo yaɓe na tarar Kaka ta ranƙwafa, tana dafa bango kafin ta miƙe, hannunta duk ya tsattsage. Na ji tausayinta, wannan gaskiya ne. Amma akwai kuma son a ce ɗan gidan nan ya zama wani abu, wannan ma gaskiya ne. Na kira maso, mai ginin zamani, na sayi siminti da fenti shuɗi. Baffa Ari ya ja ni gefe ya ce ƙasa da siminti ba sa ga maciji, bangon ƙasa numfashi yake yi, in aka toshe shi danshi ba shi da hanyar fita. Na saurare shi da ladabi irin na wanda ya riga ya yanke shawara. Maso ya kafa ƙusoshi a jikin bangon, ya ɗaura waya, ya lulluɓe shi tun daga tushe har zankwaye. Da aka shafa fenti, har daga wata unguwa ake zuwa kallo.

Kaka ba ta hana ni ba. Ran da aka gama ta fito da sandarta, ta ƙwanƙwasa bangon, ta kara kunne, ta daɗe a haka. Sannan ta juyo ta ce, "Ya yi kyau, mai gida. Allah ya yi maka albarka. To, baɗi me zan ce musu?"

Dariya na yi. Na ce sai ta ce su zo a gaisa mana, wannan ai ba wuya. Ni da na sha tatsuniyar nan fiye da sau goma, ban ji ta a bakin kunkuru ba, ban kuma ji ta a bakin Kaka ba.

Ba wanda ya ƙi zuwa. Baffa ya ce sai ya gama kai gero rumbu, Gwaggo ta ce sai bayan salla, ni kuma ina bugo salula duk Juma'a ina ganin na sauke nauyi. Abin da ban gane ba shi ne, gaisuwa tana jira, amma tsaga ba ta jira, don damina ba ta san uzuri ba. Kaka kuwa ba irin matan da za su buɗe baki su ce ina kewarku ba ce, alkunya ba za ta bar ta ba. Bangon ne ke faɗa mata, ni kuma na rufe masa baki. Aka riƙa zuwa ɗai-ɗai, kwana ɗaya, kwana biyu. Ba mu sake cika gidan nan gaba ɗaya ba sai ran da muka taru muka kai ta makwancinta.

Daminar bara babanmu, wanda ya tsufa shi kaɗai a gidan, ya bugo ya ce simintin ya kumbura, in an buga shi sai ya yi ƙara kamar ganga. Kafin in iso, rabinsa ya zube a cikin ruwa guda, ko akuya ba a buƙata ba. Abin da ke bayansa ya yi laushi kamar jiƙaƙƙen gari, zanen kakanmu ya tafi. Amma a gefen ƙofar zaure, inda inuwar soro ta kare, na ga tsohuwar makuba da faɗin faifai, ramukan ƙusa duk sun huda ta. Layi uku a miƙe, ɗaya a karkace. Na ɗora hannuna a kai, na yi kukan da ban yi ran jana'iza ba.

Da sanyi ya shigo na sa aka ɓanɓare sauran simintin. Na ɗauki salula na kira kowa, ban ce a zo a gaisa ba, na ce bango ya yi kira. Ba duka suka zo ba. Baffa Ari ya zo, bisa kujera yake zama yanzu yana nuna mana da sanda yadda ake kwaɓi, yana zagin hannunmu. Jikokin Gwaggo suka sauka daga mota, ɗaya ta dube ni ta tambayi uwarta ko ni ne maso. Da isha'i na hura wuta na yi musu tatsuniyar. Da aka zo kan akuya suka fashe da dariya, na bar su su yi abarsu.

Ranar ƙarshe aka yaɓe ko'ina, sai gefen ƙofa. Na ce a bar mini wurin nan yadda yake. Baffa ya girgiza kai ya ce, "In ka bar shi don so, ruwa zai cinye shi a damina ɗaya. Ita ma a kan hannun uwar mijinta ta shafa nata. Ɗebi laka."

Na daɗe a tsaye da makuba a tafin hannu, tana ɗiga ta tsakanin yatsuna. Sannan na yi bisimilla na shafa, a hankali, iya tsayinta. Baffa ya leƙo ya duba, ya taɓe baki, ya ce hannun biro ne wannan, yaɓen nan ba zai kai baɗi ba sai ya tsage. Na ce masa haka nake so.