Kwanikar Magen Saman Gidanmu

Ni ba mai son mage ba ce, gara in faɗa tun yanzu. Wadda ke saman gidanmu a unguwar Kudai, nan Makka, ba wanda ya kawo ta. Ita ta zaɓi bayan tankin ruwa ta haifi 'ya'ya biyu, Gwaggo ta shiga kai mata ragowar kaza, shi ke nan ta zama tamu. Gwaggo yayar babana ce. Daga Kano ta zo aikin Hajji tun ba a haife ni ba, ba ta koma ba. 'Yarta ɗaya tana aure a Jidda. Akwai namiji kafin ita, ya rasu yana jariri, ba a cika zancensa ba.

'Ya'yan magen sun kai sati shida, har sun fara cin abinci, ranar da na tsinci wasu biyu. Ina dawowa daga aiki ne. Lokacin ina wani otel a Jarwal, ina yi wa alhazai tafinta. Kusa da tashar bas na ji kuka cikin kwali a gindin kwandon shara. Na wuce. Wallahi na wuce, sai da na yi nisa na dawo ina tsaki. Idonsu ko buɗewa bai yi ba. Ɗaya ja, ɗaya fari mai baƙin kunne. Kwalin ya ɗau zafin rana kamar murfin tukunya.

Gwaggo ce ta goga musu tsumman da magen ke kwanciya a kai, ta tura su cikin cikinta. Magen ta shinshina, ta dube mu, ta fara lasar jan. Kafin la'asar duka biyun sun kama nono.

Sati uku suka yi a haka. Suka buɗe ido, suka fara rarrafe suna faɗuwa. Mai baƙin kunnen in na hau sama sai ya bi ƙafata yana neman hawa abayata. Ni da na ce ba na so, sai ga ni ina makara wajen aiki saboda su.

Wata safiya Gwaggo ta tsuguna ta shafa cikin magen, ta daɗe hannunta na wurin.

"Ke, wannan ciki gare ta."

"Haba Gwaggo, kaza ce kike ɗura mata. Mai shayarwa ina za ta ɗau ciki?"

"Ji 'yar boko. To kwanika a ina aka samo ta? Mace na goyo ciki ya shiga, sunansa ke nan. Nonon ciki kuwa guba ne ga mai sha. Ki raba su da ita yau."

Na yi mata dariya. Na ce ita komai sai ta kawo zancen Kano. Ta ce, "Ni na gani da idona, ya binti," ta tashi ta sauka.

Kwana biyu bayan nan na ga jan ya yi kashi mai ɗan ruwa. Sau ɗaya ne tak. Ga cikin magen ya fito, ba sauran musu. Nan tsoro ya kama ni. Da na tsaya na tambayi wanda ya sani, da ba haka ba. Amma ni ban iya tsayawa ba, tun ina yarinya in abu ya zo mini sai in gama shi a take. Na kwashe biyun da na tsinta na sauko da su ɗakina, na rufe ƙofar sama. Na yi musu wanka da sabulu, wai in wanke cutar. Na sayo madarar shanu a bagala, ɗan shagon unguwa, na sayo sirinji.

Magen ta yini tana kuka a bakin ƙofar. Ta yi ta kartar ƙarfen har farcenta ya yi jini. Umma ta ce, "Ke, ki ji tsoron Allah, wannan kukan fa?" Na ce gata nake musu.

Yadda na ga ana ba jarirai haka na ba su. In kwantar da su rigingine a tafin hannuna, in danna sirinjin. Ga alhazai sun cika gari, ana jirana a otel, sai in danna da sauri don in gama. Madara ta riƙa fitowa ta hancinsu, in goge da gefen mayafi in ƙara. Zawo ya zo na gaske. Gwaggo ta ce nonon da suka riga suka sha ne yake fita. Na yarda, don yardar ta fi mini sauƙi.

Rana ta huɗu na dawo da azahar na tarar da jan ya sandare a ƙarƙashin gado, can nesa da iskar mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Ashe sanyi ma yake ji. Ban taɓa tunanin wani abu zai ji sanyi a Makka ba.

Na naɗe mai baƙin kunnen a tawul na tari mota zuwa wajen likitar dabbobi. Wata 'yar Sudan ce, ta sa masa abin awo a ƙirji, ta ce madara ta shiga huhunsa. Ta tambayi ina uwarsa, na ba ta labari duka. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Wa ya ce miki nononta zai cutar da su? Mage tana ɗaukar ciki tana shayarwa, an saba gani. Abinci kawai za ki ƙara mata, ki bar su har su fara ci. Madarar shanu ba ta karɓe su ba. Kuma a kan cikinsu ake ba su, ba a rigingine ba."

Ta yi masa allura, ta ba ni garin madara irin tasu, ta ce in gwada mayar da shi.

Na hau sama da gudu. Na ajiye shi gaban magen. Ya ja jiki yana nemanta, don shi bai manta ba. Ta shinshina shi sau ɗaya, ta ji sabulu da magani, ta yi masa huci ta haye tanki. Na goga masa tsummanta, na sake gogawa, na roƙe ta kamar mutum. Ko kallonmu ba ta yi ba.

Kwana uku ya ƙara. Na bar zuwa aiki, na ba shi ɗigo-ɗigo, a kan cikinsa, a hankali, yadda ya kamata in yi tun farko. Ranar ta uku da hantsi ya mutu a cinyata, farcensa maƙale da abayata.

Gwaggo ta shigo ta ce in yi haƙuri, nonon ciki ba ya barin yaro. A nan bakina ya kuɓuce.

"Ba nonon ba ne, Gwaggo! Likita ta ce nonon lafiyarsa lau. Raba su da muka yi shi ya kashe su. Ke kika ce, ni kuma na bi!"

Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a bakin gado, ta kama gefen zaninta tana murzawa.

"Ɗana, watansa bakwai," ta ce. "Aka ce na yi kwanika, aka ɗauke shi aka kai wa kakarsa, ana ba shi koko. Nono na zuba har yana jiƙa mini riga. Ina jin kukansa ta katanga."

Na ja tawul na rufe ɗan magen.

Magen ta haifi huɗu bayan Hajji, a wurinta na da. Ban hau na gansu ba sai da suka yi sati. Na tarar da Gwaggo a can tana zuba mata ruwa. Ba ta juyo ba ta ce, "Likitar nan, a kan mage kaɗai ta faɗa, ko har da mutane?"

Na ce, "Mage kaɗai, Gwaggo."

Ban tambayi likitar ba. Har yau ban koma na tambaya ba.