Kirsimetin da Aka Aika wa Kulsumi a Roba

Inna Rifkatu maƙwabciyata ce a Birnin Kebbi, katanga ɗaya ta raba mu. Mutuniyar Zuru ce, Kirista, da suyar ƙosai a bakin titi ta yi wa ɗanta Ishaya karatu har ya zama abin da ya zama a Abuja. Ni Musulma ce, amma ba na buƙatar a gaya mini Kirsimeti ya zo. Hayaƙin murhunta ke tsallako katanga ya sanar da ni.

Shinkafar Zauro take saya, ta tsince abarta da hannu. Akuya kuwa mahauci Musulmi take kira ya yanka, don kowa ya ci ba ɗar a zuciya. In an taso daga coci sai ta bi mu gida gida da kwano a ka, ta zauna, ta sha ruwa, ta tambayi lafiyar kowa har kaji. Daga nan ta shiga mota zuwa Argungu wurin Kulsumi.

Kulsumi matar masunci ce. Lokacin da aka tura mijin Rifkatu koyarwa Argungu, haihuwar Ishaya ta zo mata babu uwa babu dangi a kusa. Kulsumi ce ta yanke cibi, ta yi mata wankan jego, ta dama mata kunun kanwa har ta yi arba'in. Tun daga shekarar Kirsimeti bai taɓa wucewa ba su ga juna ba.

Na taɓa ce wa Rifkatu gwiwar nan tata ta gaji, ta riƙa aiken yara mana. Ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, mu wurinmu ma'anar ranar ga ke nan. Ubangiji bai tsaya nesa ya aiko saƙo ba, zuwa yay yi da kainai, har cikin komin dabbobi. In shi ya zo, ni mi za ya hana ni tahiya?" Aƙidarta tata ce, amma na ga yadda take aiki da ita, kuma ta burge ni.

Sai bara Ishaya ya zo hutu da amaryarsa. Yaron nan ba mugu ba ne, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Tausayin uwarsa ya ji, ya ce bana ko ashana ba za ta ƙyasta ba. Ya latsa waya, masu dafa abincin biki suka kawo shinkafa cikin robobi, kowace an manna mata hotonsa da na matarsa. Hoto, jama'a! Sai ka ce takara ya tsaya. Aka tara 'yan kabu-kabu, aka raba musu unguwanni.

Rifkatu ta ce to, na Kulsumi dai ita za ta kai. Ya ce ai tuni an ba wani direba a tasha, ita ta shirya, mai ɗaukar hoto na hanya. Kunyar suruka ta kama ta, ta haƙura. Da ma ba ta yi ba.

Namu ya iso. Ɗan kabu-kabu ya tsaya a ƙofa yana ta danna oda, ko sallama babu, ya miƙa ya ja babur. Shinkafar ta yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Amma raina a ɓace na ci ta, don tsakanina da wadda aka ce ta aiko katanga ce kawai.

Bayan la'asar na ji salati da kuka a ƙofar gidansu, na fito ko mayafi ban gyara ba. Kulsumi ce ke saukowa daga keke mai ƙafa uku, tana dogara sanda, tsohuwar da ko masallacin unguwarsu da ƙyar take kaiwa. Ashe direban ya ajiye mata roba ya ce daga gidan Rifkatu, bai san komai ba bayan haka. Ita kuwa a saninta mutuwa kaɗai za ta hana Rifkatu zuwa, sai ta ɗauka sadakar mamaci ce aka kawo mata. Gaisuwar mutuwa ta zo yi.

Ta shiga ta tarar da kiɗa na tashi, Rifkatu a kujera cikin leshi, ana gyara mata ɗaurin ɗankwali. Kulsumi ta matsa kusa don idonta ya yi rauni, ta shafa fuskarta, ta daɗe tana shafawa.

"Ashe lahiya kike," in ji ta. "Na aza kin mutu ba a gaya man ba."

 Ishaya ne ya rusuna ya ce, "Inna, ai abincin ya iso gare ki, ko?"

"Ya iso, ɗana. Shinkahwa muna da ita Argungu."

Aka kawo mata ruwa ta ƙi sha. Ta ce dare za ya yi mata a hanya, ta juya. Rifkatu ta bi ta har titi ba takalmi tana kiran sunanta, Kulsumi ba ta waiwayo ba. Da keken ya ɓace sai Rifkatu ta zauna a ƙasa da leshinta, na kama ta na kasa ɗagawa.

Har gobe Ishaya bai ga abin da ya yi ba. Ya ce mini shi fa da bakinsa ya sa a ƙara wa Kulsumi nama fiye da na kowa.