Na'urar da Baba Ya Raba da Wuta

Haƙƙi ne a kan kwamitin masallacinmu na Zango ya adana abin da dattijonmu mai gyaran rediyo ya bari. Ni, magatakarda, na shaida ba a sauke shi ba. Jiya na ga na'urarmu ta haɗa sauti cikin tarin ƙarafa a kasuwar Sankaryaaré.

Ranar da wutar lantarki ta ƙone ta, kowa ya ce a yar. Shi kuwa dattijon ya cire duk abin da ya ƙone, ya liƙe wayoyin da dalma. Har yau ina jin warin hayaƙin. Da ya jona ta da wani ampili mai ƙara ƙarfin sauti, muryar liman ta fito, ƙasa-ƙasa amma tas.

"Baba, ina wayar wutarta?" na tambaya.

"Ba ta buƙata, Malam. Abin da ya daina shan wuta, wuta ba ta kashe shi."

Bayan rasuwarsa wani ya gan ta ba waya, ya ɗauka matacciya ce.

Ina roƙon kwamiti ya binciki wanda ya fitar da ita, a dawo da ita kafin a farfasa ta. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya yafe mana sakacinmu.