Ranar da Munka Kife Waya da Kwano

In ka ga dama ka yarda, in ka ga dama ka ce Bello ya fara zuƙi, amma da idona na ga manya bakwai, biyu da gemu har ƙirji, sun manne da bango saboda 'yar waya rakani-kashi tana ƙara bisa tabarma. Ni ne na kusa da ƙofa, don in abin ya ɓaci in riga kowa.

Amma bari in faro daga Kaka Ige, uwar babanmu.

Muna yara a Zurmi, da an idar da isha'i sai ta tura karan dawa cikin murhun da anka sauke tuwo, mu zagaye ta, mu goma sha wani abu, kowa da ƙanzo a hannu. Ba ta da haƙori ko na rantsuwa, amma in ta buɗe baki har akuyar gidan sai ta bar tuƙa. Ni take ce ma "maigida", kamar yadda kakanni ke tsokanar jikoki.

"Maigida, matso. Baƙuwa ta iso da ƙafarta, ku ba ta wuri."

Da mun ji haka mun san tatsuniya ta zo. Wadda ta fi kaɗa muna hanji ita ce ta dodon bayan danga. Wai wani gari ne anka yi dodo wanda ba ya shiga gida. Bayan danga yake tsayawa, ya ari muryar wani naka, ya kira sunanka. In ka ce "na'am", shi ke nan, da safe a iske ka bushe kamar kilishi. Sai mutanen garin sunka yi shawara kowa ya bar amsa kira. Uwa ta kira ɗanta, shiru. Miji ya kira mata, shiru. Ana nan sai wata amarya ta ji muryar mijinta, wanda ya tafi fatauci, tana kira daga bayan danga.

Daidai nan Kaka ke shaƙe murya ta ja sunan amaryar: "Haaabiii... Habiii..." Wallahi gashin da bai tsiro min ba ma sai ya miƙe. Kullum a wurin nan nake tuna ina jin fitsari, in ruga ɗakin innarmu in shige bayan buhun gero. Na ji tatsuniyar nan ya fi sau ɗari, ban taɓa jin ƙarshenta ba.

Na girma, na buɗe shagon cajin waya a Kaura Namoda. Duk jita-jitar da ta sauka garin, shagona take kwana. Wata rana wani saƙon murya ya shigo Wasap: mutum na magana yana haki, wai akwai wata doguwar lamba mai alamar kuros a gaba, in ta kira ka ka ɗauka sai jini ya ɓalle ta kunne. Wai ta kashe mutane a wani gari. Wane gari? Oho. Wa ya gani? Ƙanen abokin wani direba. Ni kuwa na tura wa duk wanda na sani, har da wanda ya riga mu gidan gaskiya, na ƙara da nawa gishirin cewa wayar ma narkewa take.

Kwana uku bayan haka ina gida Zurmi. Ƙanena Lawwali ya kai awaki kasuwar Shinkafi, ya ce da la'asar yana gida. La'asar ta wuce. Anka yi magariba, wayarsa a kashe. Kun dai san halin hanyoyinmu, ba sai na faɗa ba. Innarmu ta kasa zama, matarsa ta haɗa kai da gwiwa, baba yana jan carbi kamar zai tsinke shi.

Sai wayar baba ta ɗauki ƙara. Na leƙa. Doguwar lamba, ga kuros a gaba.

"Kada wanda ya taɓa!" in ji ni. "Ita ce!"

Na jawo kwanon sha na kife ta, na ja baya. Ta yi ta kuka cikin kwano har ta gaji. Ta sake. Ta sake. Innarmu ta ce, "Bello, in kuma waɗanda sunka riƙe shi ne fa?" In mun ɗauka, jini ta kunne. In mun ƙi, wa ya san abin da za a yi wa Lawwali? Kowa ya zuba min ido, tunda ni ne malamin waya.

Kira na biyar sai ga Kaka ta fito da sandarta, idon ma ya kusa tafiya.

"Mi ag ga kwanon nan yake kuka awa ɗan tsako?"

Kafin mu gama yi mata bayani ta sa sanda ta ture kwanon, ta laluba ta danna. Na toshe kunnuwana, don kada jinin ya yi kuskuren gida. Ba ta ce na'am ba, ba ta ce halo ba.

"Kai ɗan gidan wa?"

Muryar da ta fito har maƙwabta sun ji. "Kaka, ni ne Lawwali! Wane irin gida ne wanga? Sau biyar!"

Ashe motarsu ce ta lalace kusa da Katuru, cajinsa ya ƙare, ya ari wayar wani bafatake ɗan Nijar. Lambar kisan ke nan. Innarmu ta zube tana hamdala, matarsa na dariya da hawaye, ni kuwa na zauna bisa kwanon.

A daren ne, ina da 'ya'ya uku, na ji ƙarshen tatsuniyar. Amaryar tambaya ta yi: wane ne, kuma ɗan gidan wa? Dodo ba shi da gida ba shi da dangi, sai kunya ta kama shi ya bar garin.

Tun ranar nake tunani. Labaran da ke yawo cikin wayoyinmu irin na Kaka ne, sai dai an yanke musu gindi, kuma babu tsohuwar da za ta riƙo rigarka ta ce zauna ka ji saura. Rabin mai ban tsoro kawai muke ɗauka mu ruga da shi. Yanzu duk saƙon da ya shigo sai na tambayi gidan ubansa kafin in tura.

Amma don kada in faɗi ƙasa gaban jama'a, a daren nan sai da na ce wa Kaka, "To amarya, da fa da gaske lambar kisa ce?"

Ta juyo da fuska wajen da muryata take.

"Kai dai an yi mijin banza. Ranar da Mala'ika zai zo ɗaukata, kana tsammani sai ya tsaya sayen kati?"