Miyar Kuɓewa a Gidan Ɗan Tauri

Na yi shekaru a gidan miji ban taɓa kaɗa miyar kuɓewa ba. Na iya ta sarai, uwata ta koya mini tun ina hawa turmi in leƙa tukunya. Abin da ya hana shi ne mijina ɗan tauri ne. Tun yana saurayi wani tsoho a wajen Rawayau ya jiƙa masa magani ya sha, ya ɗaura masa layu a damtse, daga nan ƙarfe ya daina cin jikinsa. Sharaɗi ɗaya tsohon ya kafa masa: ranar da yauƙin kuɓewa ya wuce maƙogwaronsa, maganin ya karye. Saboda haka kuka muke sha, yau kuka, gobe kuka, har yarana suka ɗauka miya ɗaya ce a duniya.

Mu Maguzawa ne asali, ƙauyenmu yana tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma. Bishara ta iso mana da sauran shekaru kafin Turawa su tafi, aka yi mana baftisma rana ɗaya, ni da shi, a wani tafki bayan gari. Da layunsa ya shiga ruwan, suna ƙarƙashin riga, na gani da idona. Ranar Lahadi mukan je sujada a ɗan ɗakin ƙasa da muka gina, ya zauna a sahun maza yana gyangyaɗi. Ni ma ba wani abin kirki nake yi ba. Addu'ar da aka koya mana nake karantowa, kamar yadda ake gaida dagaci: daga nesa, kai a ƙasa, a gama a tashi.

Idan an gama girbi aka buga gangar farauta, sai mijina ya zama wani mutum. Garuruwa kan haɗu a daji, kuma dokar ita ce wanda ya fara jifan nama shi ke da shi. To, ban taɓa jin wanda ya yarda shi ne na biyu ba. Saboda haka kowace farauta da faɗa take ƙarewa, a fasa kawuna, a kashe karnuka, a dawo da wani a kan ƙyauren kara. Mijina yakan dawo da jini a riga, kuma ba nasa ba ne. A kasuwa in makaɗi ya buga takensa, jikinsa ya ɗauki tsuma, ya zare wuƙa ya yi ta yanka cikinsa har ta lanƙwashe, ya karya ta ya jefar. Ina alfahari da shi, ba zan ɓoye ba. Babu macen da ta isa ta ture mini tulu a bakin rijiya.

A wata farauta suka kama zomo ɗaya shi da wani matashi ɗan ikilisiyarmu da muke sujada tare, sabon ango. Matashin ya riƙe ƙafafun baya, ya rantse sandarsa ce ta fara sauka. Mijina ya ce ya saki, ya ƙi. Sai ya ɗaga adda ya sauke. Yatsun hannun daman yaron suka zube a ƙasa, babban yatsa kaɗai ya rage. Mijina ya kawo zomon gida, na babbake, na dafa, muka ci. Manya suka shiga maganar suka sasanta, aka ce ai farauta ta gaji haka.

Bayan haka fasto ya zo daga Dutsin-Ma a kan keke don ya ba mu Jibin Ubangiji, abincin da masu bi ke ci tare a wurin sujada. Gutsattsarin waina ake zubawa a faifai, da ruwan soɓorodo a ƙoƙo, suna bi hannu zuwa hannu. Ɗakin ya cika, matashin bai sami wuri ba sai kusa da mijina. Daga sahun mata ina kallonsu. Faifan ya iso, mijina ya riƙe masa. Yaron ya miƙa dungulmin hannunsa da tsumma a naɗe, ya yi ƙoƙarin ɗauka, wainar ta kuɓuce. Ya sake, ta faɗi. Hannun hagunsa lafiya lau yake a kan cinya, amma wa zai karɓi abincin Ubangiji da hagu? Kowa ya sunkuyar da kai. Sai mijina ya ɗauki gutsuren ya sa masa a baki. Yaron ya tauna ya haɗiye, ya ce, "Na gode, Yaya." Mijina ya miƙa faifan gaba bai ɗauki nasa ba, ya tashi ya fita.

Daga ranar ya koma wuni a gona, alhali rani ne, babu abin yi a can. Wata rana na bi shi da fura, na same shi a gindin ɗorawa yana magana da ƙarfi, babu kowa. Na laɓe na saurara. Da Allah yake magana, amma ba irin addu'ar da muka haddace ba. Yana lissafa masa mutanen da ya sara, yana kuka da majina, yana tsayawa kamar mai jiran amsa, sannan ya ci gaba. Tsoro ya kama ni, haushi kuma ya biyo baya. Na ajiye furar na juya gida ina cewa a raina ƙato ya haukace.

Da yamma ya shigo ya tsaya a bakin madafa, ya ce, "Uwar yara, gobe ki kaɗa mani kuɓewa."

Na ce, "Maigida, mi ka ce?"

Ya maimaita. Na jefar da muciya na tashi masa. Na ce, "Kana da maƙiya daga nan har Shema. Akwai gidan da ba ka zubda ma jini ba? Ranar da suka ji labari, wa za ya tsare ka? Ɗiyan ga wa za ka bar ma su?"

Ya ce, "Wanda na bi cikin ruwan baftisma. In bai tsare ni ba, to a yanka ni. Na gaji da riƙe shi da hannu guda."

Na yi zagi, na yi kuka, na ce zan tafi gidanmu. Bai ɗaga mini murya ba, kuma wannan ya fi duka ba ni tsoro. Washegari na je na roƙo busasshiyar kuɓewa wurin maƙwabciya, na daka, na kaɗa. Ya ci tuwon tas ya suɗe akushi. Sannan ya tsinke layun damtsensa ya cusa su cikin murhu. Ƙaurin fata ya cika gidan har kaji suka fice.

Abin da nake tsoro ya zo, amma ba ta hannun maƙiyi ba. Mijina yana da amini, Bamaguje ɗan uwanmu, wanda suka sha maganin a ƙwarya ɗaya. Ya daɗe a ci-rani wajen haƙar kuza, babu wanda ya kai masa labari. Su biyun suna da gaisuwarsu: duk wanda ya fara hango ɗan uwansa zai lallaɓo ta baya, ya yi kururuwa, ya kafta masa wuƙa da iyakar ƙarfinsa, wuƙar ta zame, su rungume juna suna dariya. Na ga sun yi haka ba sau ɗaya ba, har ni ma ina dariya.

Ranar kasuwar Kurfi ce, rana tsaka. Ina zaune da daddawata, mijina yana tsaye gabana riƙe da igiyar akuya. Na hango aminin yana ratso mutane a guje, baki har kunne, wuƙa a sama. Na buɗe baki, kafin murya ta fito wuƙar ta riga ta sauka. Ta shiga daga kafaɗa ta tsarge har gwiwar hannu, da irin ƙarar da kabewa ke yi in an sara ta. Naman ya buɗe fari, sannan jini ya yi tsiri ya wanke mini fuska da daddawa. Mijina ya durƙushe. Aminin yana tsaye yana dariya bai gama ba, ya dubi wuƙar, ya dubi hannun, dariyar ta mutu a bakinsa.

Ƙannen mijina suna rumfar kusa. Sun san ƙarfe ba ya cin aminin, saboda haka suka watsar da wuƙaƙensu, suka tuge sandunan rumfa. Na farko ya same shi a ƙeya ya kifa. Suka rufe shi da duka, kai ya fashe, haƙora suka zube cikin ƙasa, ina jin ƙasusuwa suna ƙara. Bai kare kansa ba ko sau ɗaya. Ni kuwa ina tsaye jina-jina ina ihu, "Ku kashe shi! Ku kashe ɗan banza!" Da gaske nake, so nake in ga ƙwaƙwalwarsa a ƙasa.

Sai na ga mijina yana rarrafe da hannu ɗaya, ɗayan yana jan ƙasa. Ya isa ya kwanta a kan amininsa. Sanduna suka sauka a bayansa kafin ƙannen su iya tsayar da hannu. Ya ɗago kai ya ce, "Bai sani ba. Ni ne ban aika mashi ba. Wanda za ya ƙara, ya fara da ni." Daga nan ya some.

Wani Alhaji mai sayen hatsi, wanda ya san mu, ya kwance rawaninsa ya ɗaure hannun tam daga sama, ya daka wa yaransa tsawa suka sauke buhuna daga motarsa. Aka loda su biyun, na hau, muka kama hanyar Dutsin-Ma. Kan mijina yana kan cinyata, leɓensa ya yi fari, rawanin ya jiƙe yana ɗiga. A nan ne na fara yi wa Allah magana da bakina, kuma faɗa na yi masa. Na ce, tsohon Rawayau ya tsare shi shekara da shekaru, kai ko damina ɗaya ba ka kai shi ba. Na ce, saboda kai ya ƙona layunsa, yanzu dube shi. In ka ɗauke shi, ka zo da kanka ka noma wa yarana gero. Yaron mota yana kallona yana matsawa gefe. Ban ji wata murya ta amsa ba. Amma na san ana ji na, kamar yadda mace kan san akwai mutum a ɗaki ko bai yi tari ba, kuma wanda ke jin bai tashi ya bar ni ba duk rashin kunyar da na yi masa.

A Dutsin-Ma aka ɗinke abin da za a iya, aka wuce da su Katsina. Duk biyun suka rayu. Hannun mijina ya shanye, ya rataye a gefensa, bai sake riƙe fartanya ba. Na tambaye shi a asibiti ko yana nadama. Ya ce, "Da can ban taɓa roƙon Allah komi ba, don ba ni tsoron komi. Yanzu ko ƙaya tsoronta nike, kuma kullum muna tare da shi." Na ci gaba da ba shi kunu.

Ni ma ban sake gaida Allah daga nesa ba. Ina daka ina ba shi labari, ina ɗibar ruwa ina kai masa ƙara. Abu ɗaya na gaya masa ƙarara: aminin nan da ya sari mijina ba zan yafe masa ba, kada ma a tayar mini da maganar.

Ga shi kuwa kullum yana gidana. Ya bar ci-rani, duk damina sai ya fara nome gonarmu kafin tasa, da kansa mai tabo da bakinsa ba haƙora. Ba na amsa gaisuwarsa. Kuɓewa nake kaɗawa kusan kullum don in ƙuntata masa, tunda shi har lokacin yana riƙe da maganinsa. Mijina ya ce lallai in riƙa yi masa miyar kuka daban. Nakan yi, in dangwarar da kwanon gabansa har miyar ta fantsama. Haka muka yi damina bayan damina, su biyu suna cin tuwo a inuwar rumbu, mijina yana ba shi labarin abin da suka tattauna da Allah a gona, shi kuma yana saurare.

Wata rana bayan noman farko na kawo musu ruwan sha. Ina sunkuyawa na ga ya ture kwanon kukar gefe, ya yanko loma, ya tsoma ta cikin kuɓewar mijina. Ban san lokacin da na saki ƙwaryar ba. Na cafke wuyan hannunsa na ce, "Kai mahaukaci ne? Kana da maƙiya daga nan har Shema! Wa za ya tsare ka?"

Mijina ya fashe da dariya har yana ƙwarewa. Aminin ya dube ni ya ce, "Matarmu, na sani. Sake ni."

Sai na lura da hannun da nake riƙe. Shi ne wanda ya sauke wuƙar, kuma ga ni na riƙe shi tam don kada a yanka mai shi. Ban san ranar da ƙiyayyarsa ta fita daga zuciyata ba, ba a yi shawara da ni ba. Na sake shi. Ya kai lomar baki, yauƙin yana bin gemunsa, ya haɗiye.

Na koma madafa ina share ido da bakin zane, na ce wa Allah, to, ka yi nasara, amma wannan ma kai za ka tsare shi. Sannan na ɗebo ludayi biyu na ƙara musu miya.